Kada Ki Sake Layi

Ku gyara zama, 'ya'yana. Masu cewa mace mai furfura ba ta da hurumin ba da labarin soyayya, na ji ku, kuma ba ni da lokacinku. Gashi ne ke furfura, zuciya ba ta yi. Wadda ta ga ba za ta iya saurare ba, ga hanya nan. Wadda ta tsaya kuwa ta buɗe kunne, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ni tela ce. Kekena yana falo, jikin taga, inda haske ya fi. Mijina, Baban Auta, direban babbar mota ne. Wata safiya ya fita da kaya, aka tsinci motar a gefen hanya, ƙofa a buɗe, butarsa a kan kujera, shi kuwa ko sama ko ƙasa. Shekarun yanzu sun fi ƙarfin yatsun hannu ɗaya. Babu gawa, babu saki. Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba.

Abin da ya bar min shi ne wayar da ya saya min, da saƙon murya guda a cikin manhajar hira. Ana jin iska da gurnanin inji, sannan muryarsa: "Maman Auta, hanyar nan ba ta yi min ba. In kin ji shiru kada ki tayar da hankali. Kada dai ki sake layi, ta nan zan neme ki."

Bayan tafiyarsa mai gidan haya ya sayar da gidan, muka koma wata unguwa. Baban Auta bai san ƙofar gidan da nake ba. Lambata kawai ya haddace. Daga baya kamfani ya ce kowa ya je ya sabunta rajistar layi da yatsan wanda ya yanka. Shi ya yanka min, ina zan samo yatsansa? Aka rufe kira. Na yi kuka, Auta, 'yata da ta rage a gabana, ta ce, "Umma, manhajar ba ruwanta da wannan. Muddin akwai waifai a gida, saƙo zai shigo da lambarki." Na cire ɗan katin layin, na naɗe shi a ƙyalle, na sa a gwangwanin allura. A tunanina lamba a cikin katin take zaune, in kati yana hannuna, lamba tana hannuna.

Wayar baƙa ce, fuskarta ta tsage daga kusurwa, batirin ya kumbura har sai da na ɗaure bayanta da roba. Kullum in na idar da sallar asuba nakan danna in ce, "Baban Auta, mun tashi lafiya." Sai maki ɗaya ya fito a gefen saƙon. Auta ta koya min: ɗaya, ya bar hannunki, biyu, ya isa. Ban taɓa ganin biyu ba. Amma mai nema yana tare da samu.

Farkon watan jiya na buɗe manhajar na ga wani rawayen zane a sama, da rubutun Turanci. Na rufe, na sake buɗewa, yana nan.

"Auta! Zo ki karanta min wannan."

Ta fito da tawul a ka, ta karɓa, ta karanta, sai ta yi shiru. Ni na haife ta, na san shirunta.

"Mene ne?"

"Umma, cewa suka yi daga ƙarshen wata manhajar ba za ta sake aiki a kan wannan wayar ba."

"Me wayar ta yi musu?"

"Ta tsufa. Tsarin da take tafiya a kai tsoho ne, sun daina kula da shi."

"Tsufa laifi ne? Da tsohuwar zuma ake magani."

"Umma, ba zuma ba ce, waya ce."

"Rufe min baki. Ki rubuta musu ki ce ina jiran mutum."

Ta zauna a hannun kujera, ta dafa kafaɗata. "Ba mutum ne ke karantawa ba. Ko ya karanta, irinmu nawa ne?"

Ranar ko zare na kasa zurawa a allura. Wato wasu yara a wani ofis da ban san inda yake ba sun zauna, sun sha shayinsu, sun yanke ranar da za a toshe min ƙofa. Ba su san ni ba, ba su san Baban Auta ba.

Labari ba ya kwana a gidanmu. Washegari sai ga Yaya, wana, da sandarsa. Ko ruwan da Auta ta kawo bai sha ba.

"Na ji waya ma ta gaji da ke."

"Ina wuni, Yaya."

"Lafiya. Ke, ƙarfe ya ce ya isa, ke da kike jini da tsoka ba ki ce ba? Sabo turken wawa. Mu je wurin alƙali a warware wannan igiyar da ba ta ɗaure komai ba. Bawan Allahn nan ya gaji da sintiri."

"Ban ce ya yi sintiri ba."

"Ba ki ce ba, amma duk ranar zuwansa sai kin fito da mayafin nan mai ruwan toka. Kin ɗauka makaho ne ni?"

Auta ta ƙunshe dariya ta shige ɗaki. Na bi ta da harara. Amma tunda na ce zan faɗa muku gaskiya, bari in faɗa: Yaya bai yi ƙarya ba.

Bawan Allah da yake nufi shi ne Mai Gilashi. Shagonsa yana kusa da tashar manyan motoci, sun san juna da Baban Auta. Matarsa ta rasu da daɗewa. Lokacin da idona ya fara gaza ramin allura, wurinsa Auta ta kai ni. Ya gwada min gilashi iri-iri, bai ƙosa ba, har na ga saƙar yadi kamar ina yarinya. Daga nan ya fara kawo gaisuwa. Dogo ne, fes da shi, ba ya ɗaga murya. Kafin ya yi magana sai ya yi gyaran murya a hankali, kamar mai neman izini. Da safe yakan turo min saƙo ta manhajar: "Maman Auta, da fatan gilashi bai matse ba." Nakan saurara, in sake saurara, sannan in ji kunyar kaina.

Bara na ɗinka masa riga, farin yadi mai kauri. Ya ce in yi masa aljihun ƙirji mai zurfi, in sa maɓalli, domin yana da abin da ba ya son ya faɗi. Wata 'yar waya ce mai madannai, ban da babbar wayarsa. Ban taɓa jin ta yi ƙara ba. Auta takan tsokane shi, "Baba, wannan ta budurwa ce?" Sai ya yi murmushi ya dafa aljihun ya ce, "Ajiya ce."

Da ya ji maganar rawayen zane, sai ya zo da sabuwar waya a kwali, ko ledarta ba a ɓare ba. Ya ajiye a kan keken ɗinki.

"Ban roƙa ba," na ce.

Ya yi gyaran murya. "Da kin roƙa ai da ba kyauta ba ce. Zamani riga ne, Maman Auta. Ke kika fi kowa sanin in riga ta yi kaɗan, ba a faɗa da ita."

"Ana buɗe ta a ƙara ƙyalle."

"In akwai sauran yadi."

Ya kalli tsohuwar wayar da ke cinyata. Kallon bai daɗe ba, amma ban so shi ba. Na ja gefen mayafina na rufe ta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsakiyar wata na ɗauki wayoyin biyu da gwangwanin allura, muka tafi kasuwar waya ni da Auta, wurin wani mai gyara da suke kira Injiniya. Rumfarsa kamar akurki, gawarwakin wayoyi tuli a cikin kwali, warin dalma yana tashi. Ya kwance robar, ya ga batirin, ya ja da baya.

"Mama, da wannan kike kwana? Ai bam ne."

"Ban zo ka yi min wa'azi ba. Sabon tsarin da suke so, zuba mata."

"Ba za ta ɗauka ba. Kamar ki ɗora wa keke kayan tirela ne. Sai dai mu mayar da ke kan sabuwar."

"Muryar da ke ciki fa?"

"Wannan mai sauƙi ne." Ya jona igiya, ya yi 'yan danne-danne, ya kunna min a sabuwar wayar. Na ji Baban Auta tangaram, ya fi yadda nake jin sa. Na kau da kai don kada yaron mutane ya ga idona.

"Murya ta tsira," in ji shi. "Saura lambar. In za a buɗe manhajar a sabuwar waya, sai sun turo lambobin tabbatarwa zuwa layin. Ina layin?"

Na buɗe gwangwani, na warware ƙyalle, na miƙa masa ina taƙama. Ya sa a wata waya, ya jira, ya cire, ya goge a rigarsa, ya sake sawa.

"Mama, wannan ya mutu tuntuni."

"Kira ne aka rufe. Lambar tana ciki."

"Babu komai a ciki. Layi in ya daɗe a rufe, kamfani yakan karɓe lambar ya sayar wa wani. Roba kike ajiya."

Rashin sani ya fi dare duhu. Na zauna a kan bencinsa ba tare da an ce in zauna ba. Shekara da shekaru ina gadin fanko.

Auta ta ce, "To yanzu fa?"

"A kira lambar. In mai ita mutumin kirki ne, in lambobin sun shigo masa ya karanto muku. Amma ku sani, ko ya karanto, lambar tasa ce. Duk ranar da ya ga dama ya buɗe manhajar da ita, an fitar da Mama, duk saƙon da zai zo kuma shi zai karɓa. Abin mamakin ma da bai yi ba har yau."

Ya danna lambar a wayarsa, ya buɗe murya don mu ji. Lambar da na ɗauka tana barci a gwangwanina ta shiga. Tana ringi. Aka ɗauka.

"Salamu alaikum," in ji Injiniya. "Don Allah wata baiwar Allah ce ke da wannan lambar a da..."

Babu amsa. Numfashi kawai. Sannan wani ɗan gyaran murya, a hankali. Ƙit, aka kashe.

A hanyar gida na yi ta gaya wa kaina rabin dattawan duniya suna gyaran murya. Auta ta ci gaba da kira kullum, ba a sake ɗauka ba. Rawayen zanen kuwa ya koma ja.

Ranar ƙarshen wata, bayan azahar, Yaya ya iso da Mai Gilashi. Ba ni na gayyace su ba. Yaya ya zauna a doguwar kujera ya jingine sanda, Mai Gilashi ya zauna kusa da ƙofa, sanye da farar rigar da na ɗinka. Ni ina kan kujerar keke. Mayafin gida na yafa, mai ruwan toka yana cikin akwati.

"Yau dai amsa muka zo karɓa," in ji Yaya. "Ba na son kwana-kwana."

Auta tana ƙasa kan darduma da sabuwar wayar. Ta ce, "Umma, bari in tura a aiko lambobin. Wataƙila in mai layin ya gani ya ji tausayi ya ɗauka."

Ta danna.

Ɗin-ɗin.

Ƙarar ba daga hannun Auta ta fito ba, ba kuma daga cinyata ba. Auta ta ɗago kai. Ta ɗauki tata wayar ta kira tsohuwar lambata. Sai ga farin aljihun nan yana haske ta cikin yadi, yana rawa, yana kuka.

Yaya ya ce, "Kai, ɗauki wayarka mana."

"Baba," in ji Auta, "layin Umma ne a aljihunka?"

Bai firgita ba. Da ya firgita da na fi samun sauƙi. Ya ɓalle maɓalli, ya fito da 'yar wayar, ya kashe kiran, ya yi gyaran murya.

"Ni na saya. Na ji an saki lambar kasuwa, na ce kada ta faɗa hannun baƙo ya fitar da ke. Shi ya sa na sa ta a wayar da ba ta ɗaukar manhaja."

Yaya ya buga cinya. "Kin ji ko? Kin ji mutum! Yana tsare miki ƙofa ke ba ki sani ba."

"Me ya hana ka faɗa?" na ce.

"Ba ki tambaya ba."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin ki zo gwajin gilashi."

Tun kafin. In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Aka kira la'asar. Yaya ya miƙe yana murna, ya ce Auta ta zuba masa ruwan alwala, mu kuma mu daidaita kafin ya dawo. Auta ta fita tana waiwaye. Muka rage ni da shi.

Na cire gilashin da ya yi min, na ajiye a kan keke. Ban so in kalle shi ta cikin abinsa.

"Tsakaninka da Allah. Wani ya taɓa kiran layin nan yana nemana?"

"Kira ba ya ƙarewa. Tsoffin masu ɗinki, masu kuskuren lamba."

"Ba su nake tambaya ba."

Ya daɗe yana juya wayar a tafin hannunsa. "Ban taɓa yi miki ƙarya ba, ba zan fara yau ba. Bara, lokacin da kike wannan rigar, ina tsaye a ƙofar gidan nan aka kira. Namiji ne. Muryar ta dishe, kamar wanda ya tashi daga doguwar jinya. Ya ce a ba shi Maman Auta."

Na riƙe ƙarfen keke. "Me ka ce masa?"

"Gaskiya na faɗa. Na ce tana ciki tana ɗinka min riga, wa zan ce?"

"Sai ya ce me?"

"Bai ce komai ba. Ya kashe."

Ku da kuke da maza, ku auna. Mutum ya fito daga inda Allah kaɗai ya sani, ya kira lambar da ya haddace, namiji ya ɗauka ya ce tana ciki tana ɗinka min riga. Wane saƙo kuma zai turo? Macijin ƙaiƙayi ba ya gudu, ba ya huci. Sara yake ya noƙe.

"Ba ni lambar da ya kira da ita."

"Tana nan ciki, ban goge ba. Lambobin da Auta take jira ma ga su. Amma ba sa daɗewa suke lalacewa, gobe kuma waccan ba za ta buɗe ba." Ya nuna cinyata da haɓa. "Na jira ki da mutunci, Maman Auta. Wanda ya ji muryar namiji ya kashe waya bai tambayi ba'asi ba, shi kike jira? Ki ba Yaya amsa, in karanto."

"Lambar tasa fa?"

"Ranar da kika shigo gidana, abin da ke aljihuna naki ne."

Na so in yi ihu in tara masa unguwa. To in ce me? Layin da sunansa yake, da yatsansa. In ya fita ƙofar nan da fushi, danna guda ya ishe shi ya goge lambar mai kiran, danna guda ya fitar da ni.

Na ji takalmin Yaya a bakin ƙofa, Auta a bayansa da buta.

"To, me aka yanke?"

Ni da nake yi wa 'yan mata faɗa kada su sayar da bakinsu, na buɗe nawa na ce, "Ban ƙi ba, Yaya."

"Alhamdu lillahi!"

Auta ta saki butar. Mai Gilashi ya gyara zaman gilashinsa, ya karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, a natse, kamar yana gwada min ido. Na ce wa Auta, "Sa." Ta sa. Tsohuwar wayar ta yi fari a cinyata, ta fitar da ni. Sabuwar ta buɗe. Na karɓa, na nemo sunan Baban Auta, na danna a gabansu duka, ban rage murya ba.

"Baban Auta, ni ce. Riga ce kawai na ɗinka. Ban sake layi ba."

Yaya ya ce, "Me take cewa?"

Na zuba wa gefen saƙon ido har hawaye ya rufe min gani. Maki ɗaya.

Mai Gilashi ya mayar da 'yar wayar aljihu, ya ɓalla maɓallin. Ni na ɗinka maɓallin nan, da zare ninki biyu. Ɗinkina ba ya saki.